Lasifikar da Ta Faɗo a Rabon Goggo

Tsohon ampili yana da warinsa. Idan ka kunna shi ya ɗan jima, sai wani ƙamshi ya fara fitowa ta ramukan bayansa, na katako mai ɗumi da roba da ƙarfen da ya daɗe a rufe. Ampili shi ne akwatin da yake karɓar sauti daga garmaho ya ƙara masa ƙarfi, sannan ya miƙa wa lasifika. Ina da su da yawa yanzu a ɗakina na unguwar Poumpoumré a Garwa, fiye da yadda mai hankali zai ajiye. Amma duk wanda na kunna, warin nan falon kakana yake mayar da ni.

Kakana, mahaifin babana, atamfa yake sayarwa a babbar kasuwar Garwa. Na hannu ya sayi kayan kiɗansa, daga wani Bature da ya gama aiki a tashar jiragen ruwa zai koma ƙasarsu. Lokacin damina ne, kogin Binuwai ya cika. A kura aka turo kayan, an lulluɓe su da tamfol: garmaho, ampili, da lasifika biyu na katako, kowacce ta kai min ƙirji. Ya gaya wa abokansa malamai cewa don sauraron karatu ya saya. Ba ƙarya ya yi ba, akwai faya-fayan karatu a saman kwali. Na kiɗan Kwango da na Sudan suna ƙasa, kuma sun fi yawa.

Da kansa ya kafa lasifikun a kusurwa biyu na falon, ya shimfiɗa buzunsa a tsakiya, daidai inda sautin biyun yake haɗuwa. Daga ranar ba a sake motsa su ba. Mai shara sai dai ya zagaya. Da bazara, lokacin da zafin Garwa yake sa ƙofar ƙarfe ta gagari hannu, ba ya kunnawa sai bayan la'asar, kuma za ka same shi da mafici yana yi wa ampilin fifita, shi kuwa zufa na zuba daga gemunsa.

Wata rana ya kira ni da sunan tsokanar da yake kirana.

"Zo nan, ɓarawon matata. Zauna kan buzun nan, ka rufe ido. Ina mai ganga?"

Na nuna hagu.

"Mai jita fa?"

Na nuna dama.

"To mai waƙar?"

Na miƙa hannu gabana, na buɗe ido, sai na ga bango nake nunawa. Babu komai a wurin.

"Tashi ka kamo min shi," in ji Kaka, yana dariya har da tari.

Maza da yara ne muke shiga falon. Mata suna cikin gida, can bayan bango.

Da ya rasu, an raba gida da kanti ba tare da an ji muryar kowa ba. Kayan kiɗan ne suka tsayar da zama. Malamin da ya zo rabon gado ya ce a sayar, ko mutum ɗaya ya ɗauka a cire daga rabonsa. Baffana babba ya ce kayan ubansu ba za su je kasuwa 'yan kallo su riƙa tayawa ba. Kowa ya yarda da wannan. Amma babu wanda ya yarda ya bar wa ɗan'uwansa. Ƙarshe sai aka raba su kamar shanu. Babana ya ɗauki ampili, baffa babba ya ɗauki garmaho da faya-fayai, baffa ƙarami ya ɗauki lasifikar dama. Ta hagu ta tafi wurin goggona, 'yar autar gidan. Ina tsaye aka kawo wuƙa aka yanke wayoyin, don kowace lasifika ta tafi da tata igiyar. Babu ɗaya daga cikin huɗun da ya sake fitar da sauti. Ampilin ya yi shekaru a ƙarƙashin gadon babana, shi bai kunna ba, bai kuma bayar ba.

Na girma na yi aikin rediyo, na san yadda sauti yake tafiya, na kuma fara sayen tsofaffin kaya a wurin 'yan gwanjo. Amma abin da nake nema da gaske guda ɗaya ne: in haɗa kayan Kaka huɗun nan wuri guda, in sake zama a tsakiyarsu kafin kunnena ya gama tsufa. Ampili ya zo hannuna bayan rasuwar babana. Garmaho kuwa 'ya'yan baffa babba har godiya suka yi min da na rage musu shirgi. Lasifikar dama na same ta a gidan baffa ƙarami ana ɗora mata tulu. Gyaransu ya ci ni. Allurar garmaho sai an yi cigiya har Duwala. Ka gama gyara, wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi ta ƙona abin da ka gyara. Matata takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, nan gida ne ko rumfar gwanjo?" Tun ina ba ta amsa har na daina.

Na ma sami wata lasifika irin ta hagun sak, ƙirar kamfani ɗaya. Na haɗa, na auna, ba ta da aibu ko kaɗan. Na saurara sau biyu na cire ta. Ba ita ba ce, kuma na sani.

Ta gaskiyar tana garin Tcholliré, inda aure ya kai Goggo tun ina yaro. Mijinta ya rasu, ita ta tsufa. Na yi ta aika saƙo a kan lasifikar. Amsa takan dawo da gaisuwa mai yawa da kwalbar zuma, ba a ko ambaci abin da na tambaya ba. Da na gaji, sai na shiga mota da kaina. Wanda ya san hanyar nan ya san abin da take yi wa bayan mai shekaru irin nawa.

Na same ta a ɗakinta. Lasifikar tana gefen gado, an rufa mata farin ƙyalle mai aikin hannu, babu komai a kanta. Muka gaisa, ta tambayi kowa da sunansa, sannan ta dube ni.

"Ni ka zo gani, ko akwatina?"

"Duka biyu, Goggo."

"Gara da ba ka yi min ƙarya ba. Fuskar ubanka gare ka, ba ta iya ɓoye kwaɗayi."

Na ce zan kawo mata sabuwar rediyo mai aiki da hasken rana, wadda take kama kowace tasha.

"Na aika maka ina neman rediyo?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Ɗana, rabona na gida da na kanti ya tafi a hidimar yara tun tuni. Wannan kaɗai ta rage min ta Baba. Kuma ba ba ni ita aka yi ba, ni na zaɓa da bakina. Ita ce a ƙarƙashin tagar da ta kalli cikin gida. Muna daka, muna wanki, muna kitso, duk abin da muka ji daga bakinta muka ji shi. Ba za ta bar ɗakin nan ba ina numfashi."

"Goggo, ita kaɗai ba za ta yi magana ba."

"To naka ukun da ƙusa aka kafe su? Motar da za ta kai tawa Garwa, ba za ta iya kawo naka nan ba?"

Na koma gida da haushi. Na yi wata da watanni ina cewa ba zan yi ba. Da ruwa ya ɗauke hanya ta bushe, sai na naɗe su cikin barguna na ɗaure a bayan mota. A raina na ce idan ta ji su tare sau ɗaya, za ta gane cewa wurinsu ɗaya, ta sakar min.

A gabanta na buɗe lasifikarta. Robar da ta zagaye bakinta ta ruɓe, tana marmashewa a hannu. Na manna sabuwa, Goggo na zaune tana lura da yatsuna kamar mai gadin jariri. Muka jira gam ya bushe, sannan muka jira wuta, wadda ta fi gam ɗin jan rai. Kwanaki muka yi. Da hantsi wutar ta zo, ranar da na fara tunanin tafiya.

Na kafa lasifikun a kusurwa biyu. Wurin da na yi shekaru ina tanadar wa kaina yana nan a tsakiya, amma ɗakinta ne, don haka na ja tabarmarta zuwa wurin na ce ta zauna. Na ɗora faifan da Kaka ya fi so, na sauke allura.

Tun daga bugun farko ta fara bin waƙar da leɓe. Can sai ta tsaya, ta juya kanta dama.

"Wane ne wancan?"

"Mai jita ne, Goggo."

"Yaushe ya shigo waƙar?"

"Dama yana ciki."

Ta daɗe tana kallon lasifikar dama.

"Ni ganga da murya na sani," ta ce. "Da su nake yi wa 'ya'yana wasa. Ashe rabi Baba yake ba mu."

Ba da fushi ta faɗa ba. Ta gyara mayafinta, ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Mayar da shi farko."

Na mayar. Ta sake cewa in mayar. Ina tsaye jikin ƙofa, inda sautin ba ya daidaita, ina jin maganar da na zo da ita tana mutuwa a bakina. Washegari na ari jan farce a wurin surukarta na ɗiga a kan maɓallan da za ta riƙa taɓawa. Na nuna mata yadda ake sauke allura ba tare da an karce faifai ba, da yadda za ta zare waya daga bango da zarar wuta ta ɗauke. Na ninke bargunana na hau mota.

Yanzu ɗakina cike yake da kayan da suka fi na Kaka kyau da ƙarfi, kuma da wuya in kunna su. Na daina zuwa wurin 'yan gwanjo. Idan sun kira ni sun ce kaya sun iso, sai in ce Allah ya kawo kasuwa. 'Ya'yana kowa yana da abin da yake toshe kunnensa da shi, mata da maza, kowa yana jin hagu da damansa cikakke, ba mai tambayar wani abin da yake ji. Ban ce wannan ya fi muni ba. Aƙalla yau babu wanda yake bayan bango. Ni dai na gaji ne kawai, gajiyar wanda ya ɗauki kaya ya kai su inda ya kamata, ya tarar ba gidansa ba ne.

Wani lokaci wayata takan yi ƙara da rana tsaka. Goggo ce. Ba ta tsayawa gaisuwa.

"Wuta ta zo. Tsaya ka ji."

Sai ta ɗaga wayar sama. Abin da yake iso ni siriri ne, a kunne ɗaya, haɗe da kukan kaji da numfashinta. Da ƙyar nake gane waƙar.

"Kana ji?"

"Ina ji, Goggo."

"Mai jitar nan fa?"

"Har shi."

"To yi shiru," in ji ta. "Yanzu zai shigo."