Garin Kafso a Kokon Baba

A lokacin ina koyarwa a wata Islamiyya a Babura, kuma gaskiya ina ji da kaina. Duk gidanmu ni ake tambaya halal da haram, ni kuwa bakina bai iya cewa ban sani ba. Mahaifinmu dillalin shanu ne mai fama da hawan jini, ni ce ke ba shi maganinsa na kafso kullum da safe kafin ya tafi kara.

Wata rana aka turo mana murya a waya, wai kwanson kafso da fatar alade ake yin sa. Tsohon da ko nama ba ya ci sai ya san wanda ya yanka, a ce ni ke ɗura masa alade? Ban tambayi likita ba, ban tambayi malaminmu ba. Sai na ƙirƙiro dabarata, in ɓare kafson in yar da kwanson, 'yan ƙwayoyin ciki masu kama da gero in murƙushe su da cokali in zuba masa a koko. Da ya tambayi maganinsa na ce yana cikin kokon, haka ya fi. Bai musa ba, ai malama ce ta faɗa. Da ya fara kukan jiri ma cewa na yi gajiya ce.

Ranar kasuwa jirin ya kwashe shi a tsakiyar shanu, ya faɗi, ƙashin ƙugunsa ya karye. A asibiti a Kazaure likita ya tambayi yadda yake shan maganin, na zayyana masa ko kunya babu. Ya ce an yi ƙwayoyin ne su riƙa narkewa a hankali har dare, ni kuma ina sakar masa ƙarfin wuni guda a lokaci ɗaya, shi ya sa jininsa ke sauka fiye da kima. Ya ce kwanson wani daga saniya ne, wani daga tsiro, wani kuwa daga alade, kuma da na yi magana da ya sauya masa marar kwanso. Malaminmu ma ya ce ko babu madadi, lalura tana da nata hukuncin.

Har gobe ina tambayar abin da ke cikin magani, kuma ban ga laifin hakan ba, haƙƙina ne. Amma 'yan'uwa, ku kai tambayar gaban likita da malami, kada ku yanke hukunci a madafa kamar ni. Baba ya yafe mini tun yana gadon asibiti. Ni dai na so in tsare masa addininsa, ga shi yau a zaune yake sallah.