Kwana Taran Baba Ajagbe

Remilekun Oyewusi 'yar malamin firamare ce daga Ijebu-Ode. A hannun mahaifinta ta koyi abu biyu da suka yi karo da juna daga baya: kada ta ɓata lokaci, kada kuma ta sha gaban babba. Ta karanci ilimin ƙididdiga, ta shekara goma sha ɗaya a wani babban kamfanin lemon kwali da ke Ikeja. Aikinta shi ne tattara bayanan rumbuna arba'in, abin da ya fita da abin da ya rage, ta haɗa rahoton wata domin shugaban kamfanin. Haɗin yakan ci kwana tara.

Wata bakwai ta yi tana gina wata manhaja, har ta mayar da kwana taran nan minti ashirin. Hukumar kamfanin ta ba ta gwajin wata uku: in rahoto ya riƙa isa da wuri a karɓi manhajar, in ba haka ba a jingine ta.

Sai dai babu takardar da ke hawa bene zuwa ofishin shugaban ba ta bi ta teburin Baba Ajagbe ba, mataimakin darakta, wanda ya shekara ashirin da shida yana bin kowane layi da jan biro. Ranar ɗaya ga wata Remilekun ta durƙusa ta miƙa masa rahoto da hannu biyu.

"Tun yau?" Ya zare tabarau. "'Yata, wa ya biyo ki? Ko moin-moin, alalen wake, sai ya sha wuta kafin a kwance ganyensa."

"Baba, na duba sau uku. Babu kuskure."

"Ke kika duba. Ni fa? Ajiye nan."

Ya ɗora masa kwanon abincinsa. Ranar tara ya sa hannu, bai gyara ko waƙafi ba. Wata na biyu ma haka.

Ya kamata a yi wa dattijon adalci. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya auna darajarsa da tsawon lokacin da ake jiransa, kuma wanda ya yi haka, duk abin da ya rage jira zai gan shi a matsayin raini. Amma fahimtar dalilin laifi ba ta wanke mai laifi.

A wata na uku manhajar ta nuna cewa lemon da ke jibge a rumbun Ibadan saura kwana goma sha biyu ya lalace. Remilekun ta koma ta durƙusa.

"Baba, don Allah wannan kam ba ya jira."

"Kullum naku ba ya jira. Na'urar taki ce za ta koya mini Ibadan? Ina zuwa rumbun nan tun kina goye."

Ta fito. Ta auna: kwana tara a teburinsa, saura uku, ba su isa a kwashe kaya ba. Sai ta aika wa shugaban rahoton kai tsaye. Cikin mako aka rarraba lemon zuwa kasuwanni, ko kwali ɗaya bai lalace ba.

Shugaban ya kira ta. Shi ma a ƙarƙashin Baba Ajagbe ya fara aiki.

"Kin kyauta, Remi," in ji shi. "Amma kin tsallake mutumin da ni kaina nake rusuna masa. Haka aka koya miki a gida? Je ki ba shi haƙuri, a gaban mutanensa."

Ta je, ta sa gwiwa biyu a ƙasa. Baba ya dafa kanta, ya ce ya yafe, yaro ai yaro ne.

Hukuma ta karɓi manhajar, da sharaɗin cewa babu mai ganin sakamakonta sai ya fito daga hannun Baba. Shi kuma, don a shaida ba ya gaba da ci gaba, ya rage kwana ɗaya daga cikin taran.

Har yau Remilekun takan gama aikin wata kafin shayinta ya huce, sa'an nan ta zauna ta jira kwana takwas.