Jirgin da na shanya a rana

Malam Edita, lokacin da abin nan ya same ni sabon ango ne ni, manomin gero daga wani ƙauye tsakanin Gumel da Gagarawa, wanda bai san ruwa ba sai na guga da na tafkin damina. Ka yi haƙuri da rubutun, da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ma ban ƙarasa ba. Ba a daɗe da Nasara suka kafa turakun iyaka wajen Maigatari ba fari ya cinye gonakinmu. Na ɗauki amaryata da jakina muka gangara bakin kogin Haɗeja neman abin kai wa baki.

A wani tsohon mashigi muka sauka, wanda fatake suka daina bi. Babu komai sai ruɓaɓɓun jirage ɗaure a turaku, kowa ya kafa rumfar zana a kan nasa, nan yake girki, nan yake kwana. Ga warin kifi, ga sauron da sai ka ce aiko shi aka yi. Na ba da jakina aka ba ni kwale-kwale guda, ya zama shi ne ɗakinmu, shi ne gonarmu. Turkena kuwa na ƙarƙashin wata tsamiya ne, inda ruwa ba ya janyewa ko da rani. Yoyo kawai ya dame ni. Kullum da asuba amarya na kwarfe ruwa da ƙwarya, tabarmarmu ba ta taɓa bushewa ba.

To ni a garinmu, duk abin da ya jiƙe shanya shi ake yi, gero ne ko azara. Sai na yanke shawarar in fitar da jirgin tudu ya sha rana. Amarya ta ce matan wurin sun gaya mata icen jirgi ruwa yake so. Na ce mata mata ba su san ice ba sai na girki. Na tambayi maƙwabcina, wani tsohon masunci mai ido ɗaya da ke kirana ɗan tudu. Ya shafa gemu ya ce tun da yake bai taɓa jin dabara irin wannan ba, lallai mutanen Gumel akwai kai. Malam Edita, da hannunsa ya kama mini igiya! Ya tara maza aka ja jirgin har kan yashi, ana yi mini sannu da aiki, ni kuma ina rabon goro.

Ranar bazara ta dake shi. Wata azahar muka ji ƙara kamar an fasa gora, jirgi ya tsage tun daga goshi har gindi, tsagar da hannuna ke shiga. Na ruga wajen maƙwabcin nan, sai na tarar ya riga ya ɗaure nasa jirgin a turkena, yana kishingiɗe a inuwar tsamiyata. Ya ce in yi haƙuri, shi dabarar ya ce bai taɓa ji ba, bai ce mai kyau ce ba. Mashigin nan kaf aka kwashe da dariya. Har yau in na tuna goron nan sai bakina ya yi ɗaci. Mun yi sallah sahu ɗaya da mutanen nan, amma aka rasa mai tsoron Allah ɗaya da zai ja ni gefe.

Da ƙafa muka koma gida, ba jaki ba jirgi, amarya na ɗauke da ƙwaryarta har muka hango rumbunan ƙauyenmu.

Saboda haka samari masu tafiya cin rani, in kun je inda ba ku san sana'arsu ba, ku ji tsoron wanda ya yaba dabararku tun ba ku gama faɗa ba, ku duba abin da yake hange a bayanku. In kuma matarku ta ce mata sun ce, ku tsaya ku ji. Amma don Allah duk wanda ya san gidana kada ya karanta wa tsohuwar nan wannan shafi, don har yanzu ban amsa mata cewa ita ce da gaskiya ba.