Magen Inna da Ruwan Shuwaka

Ciwon suga ya daɗe a jikin Inna, amma ba ta juya wa asibiti baya ba sai ranar da aka ce ƙwayoyi sun gaza, sai allura. Ta ce ita ba za ta ƙare rayuwarta tana huda jikinta ba. Ta koma shan shuwaka da garahuni. Duk Asabar in na rufe shagona na atamfa a kasuwar Kwari, sai na bi ta kasuwar Sabon Gari wajen mata masu kasa ganye na sayo mata. Ina sayowa ina mita, don ni bakina ba ya shiru. Ƙafarta ta kumbura, ga ciwo a babban yatsa ya ƙi warkewa, amma da na buɗe baki sai ta ce, "Kai likita ne ko mai atamfa?"

Muna da tsohuwar mage a gidanmu na Fagge. Inna ba ta kai loma baki sai ta gutsura mata, har shayi mai madara tana zuba mata a murfi. Magen ta fara ramewa, kullum kanta a kwanon ruwa. Inna ce ta lura kiyashi na taruwa inda ta yi fitsari, ta ce ai haka nata ya fara. Na sa magen a kwali na kai wa likitan dabbobi. Ya gwada jininta, ya ce suga ne, ita ma allura take buƙata.

Inna ta yi dariya da na faɗa mata. "Bar min ita. Abin da nake sha za ta sha. In ta tashi, ka fita harkata da zancen asibiti."

Mage ba ta shan ɗaci da daɗin rai. Sai Inna ta naɗe ta a zani, ta matse ta a cinya, ta ɗura mata da cokali tana lallashi. Da farko kamar abin ya karɓe ta, ta rage shan ruwa, Inna kuwa ta ishe ni da gori. Daga baya ƙafafunta na baya suka saki, tana tafiya tana jan su. Inna ta ƙara ganye a tukunya. Wata safiya muka same ta a gindin randa, ta riga ta sandare.

Ni na binne ta a bayan gida. Da na dawo, na tarar da Inna a kan tabarma, ta kwance tsumman yatsanta tana kallon ciwon. Tausayinta ya kama ni, tsoro ma ya kama ni, don rabona da ganin wurin a buɗe an jima, kuma ya fara baƙi.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Allurar nan, a ciki ake yi ko a cinya?"

Na ce duk inda ta fi so.

"To miƙo min mayafina, ka je ka tsaro mana adaidaita."