Kwanon da Aka Ware Mini

Akwai wata Litinin ta watan Maris da har gobe ba ta fita daga raina ba, kuma ku da kuka shigo aikin nan bana, gara ku ji ta daga bakina. Ina shekarata ta uku da fara koyarwa aka yi mini afektasiyo, wato aka tura ni wata lise, babbar sakandare, a wani gari na yankin Dungas. Darasina shi ne ilimin halittu. Iyalina a Damagaram na bar su, don ban ga inda zan ajiye su ba.

Alhaji Mati ne ya sauke ni, ɗan kasuwar hatsi kuma shugaban kwamitin iyayen yara. Ya ba ni shago a ƙofar gidansa. A unguwar ana ciyayya: da an sallame magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, a haɗa a tabarma ɗaya a ci tare. Ni da ba ni da kwano sai na ɗauki nauyin shayi. A tabarmar nan aka daina ce mini baƙo, aka koma "Mushe namu", don Mushe ake ce wa malamin boko. In ka cire wannan zaman, ba ni da kowa a garin.

A tsarin karatun tarminal, ajin da ke zana bak, jarrabawar fita sakandare, akwai babi kan yadda halittu ke sauyawa a hankali cikin dogon zamani, har da batun cewa mutum da manyan birai sun haɗa asali. Mushe Lawali, wanda ya daɗe a makarantar, ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanena, wannan babin ba a koyar da shi a nan. Ka rubuta a littafin aji cewa ka yi, ka raba musu takardu su haddace. In an tambaye ka, ka ce na Nasara ne, don jarrabawa kawai." Littafin aji shi ne inda malami ke rubuta abin da ya koyar kowace rana, shugaban lise, wanda muke kira furobiza, ya sa hannu. Ni kuwa lokacin kaina na rawa, ina ganin rubuta abin da ban yi ba cin amana ne. Na ce zan koyar. Ya ce Allah ya ba da sa'a.

Ranar Litinin ɗin na zana a tablo, allon aji, ƙashin hannun mutum, da na fiffiken jemage, da na ƙafar akuya, na nuna musu yadda jerinsu yake iri ɗaya. Hadiza, 'yar Alhaji, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ta ɗaga hannu. "Mushe, to Annabi Adamu ina yake a zanen nan?" Na ce mata wannan ba abin da kimiyya take iya aunawa ba ne. Na ga amsar ba ta ishe ta ba, ni ma ba ta ishe ni ba. Aka tashi, kowa ya tafi gida da zanen a cikin littafin rubutunsa.

Da magariba na ɗauko butar shayi zan fito, sai na tarar da Alhaji da kansa a ƙofata, riƙe da kwano a rufe. Ya ce, "Mushe, ka huta abinka, ba sai ka fito ba." Na buɗe, tuwo ne da nama wanda ya fi na kullum yawa. Na zauna na ci ina jiyo dariyarsu, ina jin wani yana fifita gawayin shayi.

Ranar Alhamis furobiza ya tara mu a ofishinsa, ni da Alhaji da limamin unguwa, Lawali yana gefe. Furobiza ya karanta musu tsarin karatu, ya ce ban ƙara komai na kaina ba. Liman bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Mushe, biri nawa ka gani ya zama mutum?" Na ce ba a ce biri ya zama mutum ba, na kawo masa misalin gero, yadda manomi ke ware zangarniya mai kyau don iri har geron jika ya bambanta da na kaka. Ya ce, "To, amma gero dai gero ne." Muka yi ta ja har aka kusa azahar, ba wanda ya gusa.

Sai Alhaji ya yi gyaran murya. "Ni ban yi lakkol ba, ban san boko ba, tambayata guda ce. Kai, a ranka, ka yarda da abin da ka zana musu?"

Lawali ya ƙifta mini ido. Na san kalmomin da za su mayar da ni kan tabarma a daren nan, ya riga ya ba ni su. Amma bakina ya ƙi. Na ce, "Alhaji, sahu ɗaya muke sallah, kuma ban taɓa shakkar Allah ne ya halicci Annabi Adamu ba. Ƙasusuwan nan ma ban iya ce maka ƙarya ne. Yadda biyun za su haɗu, ban sani ba. Da haka nake kwana, da haka nake tashi."

Ya dube ni, ya ce, "Allah ya sawwaƙe." Aka tashi.

Ba a kore ni ba, ba a zage ni ba, bai cire Hadiza daga ajina ba. Ana gaishe ni a hanya kamar da. Kwano kuwa bai taɓa fashi ba, kullum a ƙofata, wata huɗu cur. Na koyi cin abinci da rediyo a kunne don kada in ji tabarmar. Da na yi wa matata waya sai in ce mata komai lafiya.

Ana gobe zan tafi babban hutu, na riga na nemi canjin wuri, Alhaji ya zo da kwano kamar kullum. Bai juya ba. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin ƙofa, ya wanke hannu. Ya ce, "Har yanzu ban yarda da kai ba. Amma da ka ce mini don jarrabawa ne, da na san ƙarya ka yi mini, kuma da na karɓa." Ya yi loma uku, ya tashi ya koma wurin mutanensa.

To, abin da zan gaya muku ke nan. Babin yana nan a tsarin karatu, kuma duk inda aka tura ku akwai mai yi muku tambayar Alhaji. Mutanenmu ba sa hana baƙo abinci, wurin zama suke hana shi. Ku shirya amsarku tun kafin ku ɗauki alli, ku san kuma abin da za ku rasa a kanta. Ni har yau ina koyar da babin, kuma har yau in aka miƙo mini kwano a rufe sai gabana ya faɗi.