Lambar da Ta Tafi Wayar Maigidana

Shekara da shekaru ni ke riƙe da ɗakin karatun makarantarmu a Suleja, da katuna da biro. Ran da aka ce an ɗora littattafanmu a intanet, ko kwamfuta ta ƙone ba za su ɓace ba, murna ta hana ni karyawa. Har sabon mayafi na yafa.

Sharaɗi ɗaya shugabar makaranta ta kafa mini. Sai na shiga manhajar da hannuna a gaban mutumin da ya zo haɗa ta. In na kasa, malamin kwamfuta zai karɓi ɗakin, ni kuma a mai da ni aji. Kwana uku ina haddar kalmar sirri kamar mai shirin musabaƙa.

Na rubuta ta daidai, ban yi tuntuɓe ba. Sai allon ya ce ya tura wata lamba zuwa waya, in sa ta kafin minti biyar. Lambar wayar maigidana na cike a fom, yadda na saba a kowace takarda tun da aka kawo ni gidansa. Shi kuwa yana cikin bas, hanyar aikinsa a Abuja. Tawa wayar ba caji, sai shugaba ta miƙo mini tata, ta buɗe sifika.

"Baban yara, ni ce. Karanto mini lambar da ta shigo maka yanzu."

"Wace ce ke kuma? Matata ta ce ko uwata ce ta kira kada in ba da lamba. Ku 'yan damfara har muryar mutane kuke kwaikwayo!"

Wallahi ni na koya masa haka, da faɗa ma. Ina jin fasinjoji suna zuga shi, wani na cewa, "Kashe wayar, Alhaji!" Saura minti biyu, malamin kwamfuta har ya fara gyara zama.

Na ajiye kunya. "To wa ya shanye kunun yara jiya, ya ce mage ce?"

Ashe shi ma ya buɗe sifika. Sai bas ta kwashe da dariya, shugaba ta kifa kai a tebur. Murya ƙasa-ƙasa ya karanto mini lambar.

Allon ya buɗe. Na nemo tsohon ƙamus ɗin nan da na ɗinke bangonsa da zaren kitso, ga shi kuwa, har da kantar da yake kai. Guɗa ta kuɓuce mini a ɗakin da ni ce mai hana surutu. Daɗi ya cika ni har da ƙwalla.

Mutumin ya tambaya ko akwai abin da nake so a gyara. Na ce akwai. Na goge lambar maigida, na rubuta tawa. Sai da na tsaya na yi tunani kafin ta zo mini, don ban taɓa sa ta a takarda ba.