Tambayar da na kai Haɗeja

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, a jirgin ƙasan Nguru. Na ce "mun" ne don taragon ya cika da fatake da buhunan gishiri, amma ban san kowa ba a ciki. Maiɗakina na baro ta a asibiti a Kaduna tare da ɗanmu mai kwana arba'in.

Ga dalilin tafiyar. 'Ya'yanmu mata biyu suna nan lafiya lau. Maza biyu da muka samu a baya, babu wanda ya kai shekara: farin baki, gudawa, tari, shi ke nan. Da na ukun ya zo, likita ya ɗibi jininsa, ya sa ni na leƙa madubi. Ya ce a jinin mutum akwai fararen ƙwayoyi, aikin wasunsu su gane cuta, su tuna ta, su kira sauran su taru a kanta. A jinin ɗana irin waɗannan ba su taka kara sun karya ba. Yana zaton gado ne da ke bi ta wajen uwa: mace ta ɗauka ba ta sani ba, namiji ne yake kwanta. Yana so ya san labarin 'yan'uwan maiɗakina maza. Ita kuwa ta tashi ba ta ga ko ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna daban ne. Wata tsohuwa a unguwarmu ta tatsi nonon maiɗakina a ludayi, ta jefa tururuwa, tururuwar ta mutu. Aka ce nonon ne ba ya karɓar maza. Tun ranar maiɗakina ta daina ba yaron nono. Likita ya ce ɗan abin kariyar da yaron zai samu a nonon yake, amma maganar ludayi ta fi tasa ƙarfi.

A Malam Madori na sauka na hau akori-kura. Direban har yanzu bai gama yarda da komawa tuƙin hannun dama da aka yi ba, sai ya raba gardama ya bi tsakiyar hanya. A kasuwar Haɗeja ana faɗin kuɗi da kwabo, masu bandar kifi suna mayar da shi sule kafin su sallama. Na ci tuwon shinkafa da miyar kifi ni kaɗai a wata rumfa. Rediyon mai shayi yana maimaita shirin da na ɗauka makon jiya a gidan rediyon da nake aiki. Na zauna ina jin muryata tana bayani a kan taki, babu wanda ya waiwayo.

Washegari na nufi wajen Auyo, inda surukata take. Ruwa bai zo da yawa ba bana. Inda a da ake shiga kwalekwale tun daga bakin gari, yanzu sai da na taka busasshiyar fadama, ƙasa ta tsage, shinkafa ta tsaya iya ƙauri. Mai fito ya haye da ni abin da ya rage na kogin, sandarsa tana taɓa ƙasa ko'ina.

Surukata Bafulatana ce, da ɗan garkensu a gefen ƙauye. Na tuɓe takalmi na tsuguna a bayan zana, ita tana ciki. Shekara tara da auren 'yarta, ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. Muka gaisa mai tsawo. Sai na yi abin da aikina ya koya mini, na fito da takarda na tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa, maza nawa, nawa suka rasu.

Na ji ta tashi, na ji turmi ya fara ƙara. Aka kawo mini fura, na wuni gindin tsamiya da takardata fara fat.

Da la'asar ƙanwar mijinta, wadda kowa ke kira Goggo, ta zo ta zauna nesa kaɗan. Ta ce duk karatuna ban san ba a ƙirga wa uwa 'ya'ya ba? Na raye ma ba a ƙirgawa, balle waɗanda suka koma. Ta ce in ajiye takardar, in je in faɗi abin da ya kawo ni.

Na koma bayan zanan. Ban tambayi komai ba. Na ba da labarin ludayi da tururuwa, na ce yau kwana goma sha ɗaya jikanta bai sha nonon uwarsa ba. Sai na ji muryar surukata daga ciki.

"Malam, ni ban taɓa yaye namiji ba."

Na ce, "Allah ya jiƙansu, Inna."

"Ni ma an gwada nawa. Na ƙarshen, tun ran haihuwa na miƙa shi ga matar da ta yaye maza huɗu. Bai ɗanɗani nawa ba ko sau ɗaya, kuma bai ga kaka ba. Ka ce mata ta ba shi nono. Ni har yau wannan ne nake jin ciwonsa."

Kwana biyu na yi a hanyar dawowa. Likita ya rubuta abin da na faɗa, ya ce ya yi daidai da zatonsa, kuma bai ɓoye mini cewa ba shi da maganin abin ba. Na shiga wajen maiɗakina na maimaita mata maganar uwarta kalma bayan kalma, yadda nake karanta labarai, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ɗauki yaron, ta juya mini baya, ta gyara zane.

Na tafi neman adadi, ban samo ba, don ba a ba baƙo irin wannan da tambaya. Sai da na faɗi nawa labarin aka faɗa mini nata. Ban san kwana nawa Allah ya ɗibar wa yaron nan ba. Amma daga bakin ƙofa ina jin haɗiyarsa.